Gubar Dalma: Iyakar Abin da Zogale da Kurkum Za Su Iya

A kasuwannin Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, ana tallar garin kurkum da zogale da sunan masu wanke guba daga jini, har da kashe ciwon daji. Sai an yi hattara.

Sinadarin kurkumin da ke cikin kurkum ya rage ɓarnar dalma a jikin ɓeraye, ya kuma rage yaɗuwar ƙwayoyin ciwon daji a ɗakin gwaji. Amma hanjin mutum kaɗan yake tsotsa, saura ya fice. Amfanin zogale ya fi bayyana: yaron da ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko kalsiyam, cikinsa ya fi zuƙar dalma, ganyen kuwa na ɗauke da duka biyun.

Toshe ƙofar gubar shi ne kan gaba. Tukunyar da aka ƙera da narkakkun ƙarafan bola tana iya sakin dalma, musamman idan an dafa tsamiya ko zoɓo a ciki, don tsami ne ke kankaro ta. Kwallin dutse ma yakan ƙunshi dalma, kada a sa wa jariri.

Yaron da gubar ta riga ta kama, asibiti za a kai shi a auna jininsa. A Zamfara, a 2010, lokacin da gubar dalma ta kama yara da yawa, da maganin DMSA, mai fitar da dalma daga jiki, aka yi musu jinya.