Talata a tsibirin Robben: tambayar Auta

Iska tun asuba. Jirgin ruwan safe bai taso ba, don haka babu masu zuwa ganin ɗakin da aka tsare Mandela, tsibirin nan na Afirka ta Kudu ya zama namu mu da fengwin, tsuntsayen teku masu nutso da muke bincike a kansu.

Saƙon muryar Auta ne ya tsaya mini a rai. Wai, "Yaya, na kusa gama digiri, tsuntsayen teku nake so, amma mu da ko teku ba mu taɓa gani ba, ta ina zan fara?" Na saurara sau biyu, sai bayan la'asar na amsa.

Na ce masa teku ba ita ce farko ba, hannu ne. Mai ɗaukar ma'aikacin fili abu uku yake dubawa: ka iya riƙe tsuntsu ba ka ji masa ciwo ba, ka iya ƙirga, ka iya rubuta abin da ka gani yadda wani zai karanta bayan shekara goma. Duk ana koyonsu a gida. Ga ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi duk Janairu a fadamun Haɗeja da Nguru, ya nemi shiga ko da ɗaukar jaka ne. Ga APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye a Laminga kusa da Jos, suna digiri na biyu a kan kare halittu tare da Jami'ar Jos, a can zai koyi kafa raga, cire tsuntsu, sa zobe da auna fiffike. Ya kuma zauna ya koyi manhajar R ta nazarin alƙaluma tun yanzu, domin wata uku a fili yakan haifi wata tara a gaban kwamfuta.

Ya ce ai shi liƙa na'urar GPS yake sha'awa. To, ga yadda take. Ana zaɓen fengwin, uwa ko uba mai ƙananan 'ya'ya, don shi ne tabbas zai dawo sheƙa. Mutum ɗaya ya riƙe, a rufe kan da ƙyalle, baki kuwa a kiyaye shi, yana yanka kamar aska. A auna nauyi. Babba yakan kai kilo 3. Ƙa'idar da aka saba, kada na'ura ta wuce kashi 3 cikin ɗari na nauyin tsuntsu, amma ga mai nutso, surar na'urar ta fi nauyinta muhimmanci, shi ya sa ake ɗora ta can ƙasan gadon baya, a tsakiya, inda ba za ta tare ruwa ba. A ɗaga gashi, a zura salatif samfurin Tesa ƙarƙashinsa, gefen danƙon yana kallon sama, a ɗora na'urar a naɗe. In gashin da laima, ba zai kama ba, na'urar ta tafi ke nan da kuɗinta. In an daɗe, tsuntsun ya firgita ya bar sheƙa, wasu manyan tsuntsayen teku masu baƙin baya su sauko su ɗauke ɗan. Zoben fiffike kuma an koma ga barinsa: binciken da ya fito a 2011 kan wani nau'in fengwin ya nuna masu zoben sun fi mutuwa, sun kuma fi ƙarancin 'ya'ya. Yanzu 'yar ƙaramar na'ura mai ɗauke da lambar shaida ake sawa ƙarƙashin fata.

Uku muka sa wa yau. Shayi ya ƙare, sukari ma.

Abin da ban faɗa masa ba shi ne ya hana ni sakewa. Da yamma muka bi layin sheƙuna, sanda bayan sanda, lamba na nan, gida babu kowa. A Oktoban 2024 aka sa fengwin na Afirka a jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Ma'auratan da suka rage ba su kai 10,000 ba. Yunwa ce babba, kifayen sadin da ancobi da suke ci sun yi ƙaranci, iyaye suna nisa, 'ya'ya suna ramewa. A Maris 2025 kotu ta amince a hana kamun waɗannan kifaye a kewayen mazaunai shida, har da nan, na shekara goma. Wanda ya shigo aikin yanzu, shi zai auna ko hanin ya yi amfani, ɗa bayan ɗa, tsawon kai da nauyi.

Inna ta kira, ta tambaya ko ina sa rigar sanyi.

Gobe da sassafe zan leƙa sheƙa ta biyu. Gefe ɗaya na salatif ɗin na'urar da muka sa wa tsuntsun can bai kwanta mini ba.