Yadda na canza boris ɗin wuyan keken tserena

Keken tserena na gwanjo ne, firam ɗin alminiyam, kuma tun da na saye shi ban taɓa buɗe wuyansa ba. Abin da ya fara damuna shi ne wani ƙwas-ƙwas da nake ji a tafin hannu duk lokacin da na matse birkin gaba. Daga baya kan keken ya soma cijewa: in na ɗaga tayar gaba ina juya kan hagu da dama, da ya zo daidai tsakiya sai ya ɗan tsaya, sai na tura shi ya wuce. Ƙwayoyin boris ne suka ci gurbi a inda suka fi zama, domin mai keke kusan kullum miƙe yake tafiya. In abu ya kai nan, giris ba ya magani, sai canji.

Na fara biyawa wajen mai gyaran keken unguwarmu, dattijo ne da ya daɗe yana fama da Phoenix da Raleigh. Ya ɗauki alanki ya nufi ƙusar da ke saman murfin wuyan zai ɗaure. Na ce, "Baba, a sassauta biyun nan na gefe tukuna." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai nan ake ɗaure wuya." A kekunan da ya sani da gaskiyarsa. Bututun fok ɗinsu, wato ƙarfen mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, yana da zare, manyan notoci biyu ne ke saita boris, ana riƙe na ƙasa da sifana a ɗaure na sama a kansa, ƙusar tsakiya kuma ita ke riƙe kan keken. Nawa kuwa irin wanda ba shi da zare ne, wanda kamfanin Dia-Compe ya fito da shi da sunan Aheadset a farkon shekarun 1990, kuma yau kusan duk keken tsere haka yake. A wannan tsari ƙusar sama ba ta riƙe komai. Aikinta kawai ta jawo fok sama ta matse boris gwargwado. Ƙusoshin gefe na mariƙin kan, wato guntun ƙarfen da ke haɗa kan keken da bututun fok, su ne ke damƙe bututun. In suna ɗaure, ko ka murɗa ta sama har ta tsinke, wuyan ba zai motsa ba, sai dai ka fizgo notin tauraron da ke cikin bututun, wanda ƙusar sama ke shiga cikinsa, ko ka lotsa murfin. Muka rabu lafiya, na koma gida da kekena.

Kwancewa ba wuya. Na cire tayar gaba, na sassauta ƙusoshin gefe, na cire murfi, na zare mariƙin kan da zobban da ke ƙarƙashinsa, ina jera su kan tsumma yadda suka fito. Fok ɗin ya ƙi saukowa saboda akwai wani tsagaggen zobe da ke cusa kansa tsakanin bututu da boris na sama. Na ɗora katako na ɗan buga, ya saki. Boris na sama da sauran lafiyarsa. Na ƙasa kuwa ya rabu biyu a hannuna, giris ɗin ya koma jan laka, ƙurar hunturu da ruwan damina sun haɗu a ciki. Shi ne yawanci ke fara mutuwa, domin duk abin da tayar gaba ta kwaso a kansa take watsawa, kuma shi ke ɗaukar dukan ramukan hanya.

Inda aikin ya ci lokaci shi ne gane girman. Firam ɗina irin wanda boris ke zama kai tsaye cikin bututun wuya ne, babu kofin da ake dannawa. A bututun fok mai inci 1 da 1/8, wato milimita 28.6, wannan tsari iri biyu ne da suka yi kama matuƙa. Akwai na kamfanin Cane Creek mai faɗin milimita 41, akwai na kamfanin Campagnolo mai milimita 41.8. A ido ba za ka bambance su ba. Kusurwar gefensu ma ta bambanta: na farko yawanci digiri 36 a ciki da 45 a waje, na biyu 45 ciki da waje. Na wanke tsohon da kananzir, sai ga rubutu siriri a jikinsa, 41.8 da 45x45. Mai shago ya miƙo mini na 41 ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ƙarami zai shiga gurbin babba, amma zai riƙa rawa a ciki, kuma gurbin jikin firam ne, in ya cinye ba a canza shi. Na haƙura na jira har aka kawo mini daidai lambar. Wanda zai je saye ya tafi da tsohon a aljihu.

Akwai kuma zoben da ke zaune a gindin bututun fok, wanda boris na ƙasa ke hawa kansa. Dole kusurwarsa ta dace da ta sabon boris, shi ya sa na cire tsohon duk da bai nuna ciwo ba. Na bi gefensa da siririn sukundireba ina ɗagawa kaɗan-kaɗan, nan da can, don kada ya karkace ya ƙwarzane fok. Sabon na shafa masa giris, na zura guntun bututun roba na ruwa a kansa na doka har ƙarar ta canza daga kwas zuwa dum, alamar ya zauna.

Saitin shi ne ainihin sana'ar, kuma a hannu yake, ba a ƙarfi ba. Bayan na shafe gurabun da giris na mayar da komai, na duba cewa bakin bututun fok yana ƙasa da bakin mariƙin kan da kamar milimita 2 zuwa 3. Idan babu wannan tazarar, murfi zai zauna kan bututun ne, ya bar boris sakaka, sai a ƙara zobe ɗaya. Da ƙusoshin gefe a sake, na sauke keken a ƙasa, na murɗa ta sama da yatsu biyu a gajeren ɓangaren alankin. Sai in matse birkin gaba, in sa yatsan ɗaya hannun a mahaɗar murfin boris da firam, in tura keken gaba da baya. In na ji motsi, in ƙara ɗan murɗi kaɗan, abin da bai kai kwatan zagaye ba. Da motsin ya ɓace na tsaya, na ɗaga gaban keken na karkata shi. Kan ya faɗi gefe da kansa ba tare da cijewa ba. Tsakanin sako-sako da matsewa ɗan taƙi ne, kamar gishiri a miya. Ni a ganina matsewa ta fi muni, domin sako-sako yana faɗa maka da ƙara, matsewa kuwa shiru take cin boris, kuma keken ya riƙa yawo a hanya in ka saki hannu ɗaya.

Sannan na daidaita kan da taya, na ɗaure ƙusoshin gefe bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, zuwa ma'aunin ƙarfin ɗauri da aka rubuta a jikin mariƙin, 5 Nm. Mai bututun fok na kabon, ba na ƙarfe ba, kada ya yi wasa da wannan lamba, kuma kada ya doka notin tauraro a ciki. Nasa toshi ne mai buɗewa da ake ɗaurewa da alanki.

Bayan fitar farko ƙwas ɗin ya ɗan dawo, wanda ba abin mamaki ba ne, sababbin sassa sun gama zama ne. Na sake sassauta na gefe na ƙara ɗan murɗi. Wani lokaci kuma birkin ne ke motsi a kan ƙusarsa, mutum ya ɗora wa wuya laifi. Don rabe su, nakan juya tayar gaba ta koma gicciye, in tura keken ba tare da na taɓa birki ba. In yatsa bai ji komai a mahaɗar ba, sai a koma kan birkin.