Mashaƙo a Hostal Ana Tsakiyar Jarrabawa

Ni ma'aikaciyar jinya ce a asibitin wata jami'a a nan birnin Kano, kuma ina cikin kwamitin da aka ɗora wa alhakin hana mashaƙo (diphtheria) yaɗuwa a tsakanin ɗalibai a shekarar 2023. Tun a watan Disambar 2022 hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta samu rahoton ɓullar cutar a Kano da Legas, daga baya kuma Kano ta zarce kowace jiha yawan masu kamuwa. Da yake akasarin waɗanda ta kwantar yara ne 'yan ƙasa da shekara 15 da ba su kammala allurar Penta ba, wato rigakafin yara mai kare su daga cutar, sai mutane da yawa a jami'a suka ɗauka ciwon yaran unguwa ne da ba zai tsallako katangarmu ba.

Shirye-shiryen da aka saba yi ba su ba mu wahala ba. Mun ware ɗakin killacewa, mun fito da ragowar takunkuman zamanin korona, mun manna sanarwa a ƙofofin masallatai da wuraren cin abinci, mun kuma ƙulla magana da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Abin da ya karya mana lissafi shi ne jadawalin jarrabawa. Yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya sa an matse zangon karatu, an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin rajista ma ya tashi, don haka babu ɗalibin da ke son jin zancen maimaita kwas. Da jarrabawa ta matso, sai masu zuwa da ciwon maƙogwaro suka ragu a rajistarmu, har wasu manya suka fara murna wai an shawo kan lamarin.

Cikin wani dare 'yan ɗakinsu suka kawo mana wata ɗaliba a a-daidaita-sahu, wuyanta a kumbure, muryarta a dishe, yawu ma ba ya haɗiyuwa. Da na haska maƙogwaronta na ga tokar-tokar fatar nan ta mashaƙo ta lulluɓe shi, irin wadda in an taɓa take zubar da jini. A jakarta akwai fallen kafson kashe ƙwayoyin cuta na kemis da ta sha rabi, ɗaya daga ƙawayenta ma ta ce sun so kai ta wurin wanzami a cire mata beli, Allah ne ya tsare. A wannan halin ta zauna a babban ɗakin jarrabawa kafaɗa da kafaɗa da 'yan ajinsu. Na ce mata, "'Yata, me ya hana ki zuwa tun ranar da zazzaɓi ya fara?" Da ƙyar ta iya cewa, "Sista, in kun killace ni wa zai rubuta min? Bashi Baba ya ci ya biya min rajista."

Duk wanda ya san mashaƙo ya san abin da jinkirin nan yake jawowa. Ƙwayar cutar tana fitar da guba mai taɓa zuciya da jijiyoyi, maganin karya gubar kuwa wadda ke yawo a jini kawai yake iya kamawa, ba ya janye wadda ta riga ta shige nama. Ga shi kafson da ta sha yana iya sa gwajin maƙogwaro ya fito babu komai alhali cutar tana nan. A daren muka tura ta cibiyar masu mashaƙo ta Asibitin Murtala.

Bin sawun waɗanda suka yi mu'amala da ita shi ma tsoro ne ya dagula shi. A takarda mutum huɗu ne a ɗakin, a zahiri kuwa sun ninka haka, domin akwai masu raɓe da ke shimfiɗa katifa a ƙasa, kuma babu wadda za ta faɗi sunan 'yar'uwarta ta jawo mata kora. Sai da mai kula da hostal ta rantse musu cewa sunayen ba za su wuce teburina ba, sannan muka samu damar ba su maganin kariya, muka yi musu allurar rigakafin mashaƙo ta Td, muka riƙa duba su tsawon kwana 10.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne a ofisoshin sama. Abu ɗaya muka roƙa: a fitar da takarda mai sa hannu cewa duk ɗalibin da asibiti ya riƙe za a shirya masa jarrabawarsa daga baya, ba tare da an rubuta masa faɗuwa ba. Aka ce sai majalisar jami'a ta zauna, aka ce malalata za su fake da ciwon wuya. Na ce wa babban jami'in, "Ranka ya daɗe, cutar nan tana bayyana cikin kwana 2 zuwa 5 bayan an ɗauka, ba za ta jira zaman majalisa ba." Abin takaicin shi ne, wanda ya fara shan maganin da ya dace yakan daina yaɗa ta bayan kamar awa 48, waɗanda kuma ake sa wa ido ba tare da alamar ciwo ba za su iya rubutawa a ɗaki daban da takunkumi. Ashe abin da ɗalibai ke gudu bai kai yadda suke zato ba, amma babu wanda ya faɗa musu haka da bakin hukuma, bakin Sista kuwa ba ya gyara sakamako.

Da takardar ta fito, kyaftin-kyaftin na azuzuwa suka watsa ta a WhatsApp, washegari layi ya kai bakin baranda. Yawancinsu mura ce da ciwon maƙogwaro na yau da kullum, kuma hakan muke so, domin a cikin irin wannan layin ake tsinto mai mashaƙo tun bai kumbura ba.

Saboda haka duk abokin aikin da ya tambaye ni ta ina zai fara, ko sanƙarau yake tsoro a lokacin zafi ko amai da gudawa a damina, nakan ce ya fara da ofishin jarrabawa kafin ɗakin magani, ya karɓi alkawarin a rubuce tun babu wanda ya kwanta, ya kuma nemi a yafe wa masu raɓe na tsawon annobar. Ɗalibar ta rayu, ko da yake ta daɗe tana komawa a duba zuciyarta. Takardar kuwa ta wannan zangon kaɗai aka yi ta. Har yau ba a shigar da ita cikin littafin dokokin ɗalibai ba, kuma wasiƙar da muka rubuta muna neman a yi hakan tana nan tana jiran zaman majalisa.