Sunana a shafin godiya

Tunda labarin tafiyata ya riga ya zaga sashen, bari in faɗi abin da na fito da shi daga binciken ciwon sukari, saboda ƙannenmu da ke shigowa.

Farfesan da na yi aiki a ƙarƙashinsa mutum ne da ake ji da shi. In ka buɗe shafinsa na Google Scholar, inda ake jera maƙalun mai bincike, sai ka gaji da gangarawa, kuma duk taron da za a yi kan ciwon sukari ko maƙoƙo shi ake ba kujerar gaba. Ilimi kam yana da shi. Sai dai mu na ciki mun san yadda maƙalun ke taruwa: duk abin da ya fito daga sashen da sunansa yake fita, ko ya karanta ko bai karanta ba.

Ni na fara lura cewa akwai marasa lafiyar da gwajin HbA1c ɗinsu ke fitowa lafiya lau, alhali sukarinsu na safe kullum a sama yake. Gwajin ya dogara ne da tsawon ran jajayen ƙwayoyin jini, kimanin kwana 120, shi ya sa yake nuna matsakaicin sukarin wata 2 zuwa 3. A jikin mai sikila kuwa ƙwayoyin kan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, sai sakamakon ya yi ƙasa da gaskiya. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa gano ciwon sukari da wannan gwajin a ma'aunin kashi 6.5, amma a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da AS, wato gadon sikila daga ɓangare ɗaya, dole a tambayi genotype ɗin mai shi da irin na'urar da ta auna. Na bi fayil-fayil na haɗa. Na ɗibi jini, na rubuta lamba a jikin kowace kwalba da hannuna. Akwai daren da aka ɗauke wuta janareto ya ƙi tashi, da fitilar waya na kwashe kwalaben daga firiza zuwa kular da na cika da ƙanƙarar masu sayar da zoɓo.

Da maƙalar ta fito, sunansa ne a farko, sai wani da ke neman ƙarin girma a shekarar, sai wasu da ban taɓa gani a ɗakin gwaje-gwajen ba. Nawa yana can ƙasa a wurin godiya. Na same shi a ofis na ce, "Ranka ya daɗe, ina jin an yi mantuwa." Bai ɗago daga wayarsa ba ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri, lokacinki na zuwa. Mu ma haka aka yi mana." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba a kaina aka fara ba. Svetlana Mojsov, 'yar Masedoniya, ita ta gano ainihin ɓangaren sinadarin GLP-1 da ke aiki, wato wanda hanji ke fitarwa bayan cin abinci ya sa jiki ya saki insulin. A Boston ta haɗa shi da hannunta, kuma sunanta ne a farkon maƙalun 1986 da 1987. Duk da haka takardun mallakar fasahar suka fito babu ita, sai da ta shafe shekaru tana fafutuka aka saka ta. A kan wannan aikin aka gina magungunan ciwon sukari irin su Ozempic. Kyautar Lasker, babbar kyauta a binciken likitanci, ba ta zo mata ba sai 2024, tare da Joel Habener da Lotte Bjerre Knudsen. Abin da ya tsaya mini a labarinta shi ne tana da maƙalu da littafin aiki da za ta ajiye a kan tebur. Mu a nan da baki ake yin alkawari, a barandar ofis.

Don haka a zauna a rubuta jerin sunaye kafin a ɗibi jinin mutum na farko, a tura wa kowa ta imel. Ƙa'idojin Vancouver da editocin mujallun likitanci suka shimfiɗa sun bayyana wanda ya cancanci a kira marubuci, shugabancin sashe kaɗai ba ya cikinsu. Littafin aiki ya zama da kwanan wata a kowane shafi. Alƙaluman Hirsch na 2005 da ake ta taƙama da su wajen auna darajar mai bincike, yawan maƙalunsa da ambatonsu kawai suke ƙirgawa, ba su san wanda ya kwana da firiza ba. A mutunta masu ɗibar jini, su ke sanin wanda ya karya kumallo ya ce bai ci komai ba.

Na ji an ce za a yi kashi na biyu na binciken. Wanda za a ba aikin ya same ni kafin ƙarshen wata, don akwai abubuwa da dama game da na'urar gwajin nan da waɗanda suka sa sunansu a maƙalar ba za su iya gaya masa ba.