Abin da bugun katako na Japan ya koya mini game da zana ruwa

Kafin in shiga ajin koyon bugun katako irin na Japan, wanda su ke kira mokuhanga, wato buga hoto a takarda da katakon da aka sassaƙa, hankalina duk yana kan masu zanen ne, Hokusai da Hiroshige. Kowa ya san hoton nan na ƙatuwar igiyar ruwa da ta taso za ta rufe kwale-kwale uku a gaɓar Kanagawa, Dutsen Fuji can baya ɗan ƙarami, wanda Hokusai ya fitar wajen shekarar 1831. Sai da na riƙe wuƙar sassaƙa na gane hannu nawa ne a cikin hoto ɗaya.

A zamanin Edo, lokacin su Hokusai ke nan, aikin na mutum huɗu ne: mai zane, masassaƙi, mai bugu, sai mawallafin da ya zuba kuɗinsa. Zanen asali ma ba ya tsira. Kifa shi ake yi a kan katakon itacen ceri a manne, masassaƙi ya bi layukan ya cire duk abin da ba layi ba, takardar ta tafi tare da ɓarɓashin katako. Kusan kowane launi da nasa katakon, kuma abin da ke hana su saɓa wa juna wasu 'yan tsagogi ne biyu a gefe, kento, inda ake dosa bakin takarda. Tsagogin nan malamarmu ta fara sa mu yanka kafin komai, muna ta ƙorafi a ciki.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen ruwa. Dubi hoton Hiroshige na 1857, ruwan sama ya tsuge wa mutane a kan gadar Shin-Ohashi da ke kogin Sumida. Layukan ruwan siri-siri ne, sahu biyu masu saɓanin karkata, kuma kowane ɗaya sai da aka rarake katakon da ke dama da hagunsa aka bar shi tsaye. Wuƙa ta ɗan goce, ɗigon ya tsinke. Duhun hadarin da ke sama da zurfin kogin kuwa ba a sassaƙe suke ba sam. Mai bugu ne ke jiƙa katakon, ya sa launi a gefe ɗaya da ɗan kunun shinkafa mai danƙo, ya ja buroshi har shuɗin ya narke daga mai duhu zuwa fari-fari. Wannan shi ne bokashi, kuma sabo ake yin sa a kowace takarda, shi ya sa ba a samun bugu biyu da hadarinsu ya zo daidai. Ban Gog, mai zanen nan ɗan ƙasar Holan, ya kwaikwayi hoton da fenti a 1887. A ganina ya samu gadar, ruwan ne ya yi masa nauyi.

Babu injin matsi a aikin. Wani ɗan faifai ne da aka lulluɓe da ɓawon gora, baren, ake murzawa a bayan takarda, ƙarfin daga kafaɗa yake fitowa. Takardar washi, ta ɓawon itacen kozo, sai ta kwana da laima. Ta bushe, launi ba ya shiga. Ta jiƙe da yawa, ya bazu. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata zai gane wannan, domin can ma ido da hannu ne ma'aunin shuni. Su ma Japanawan da shunin suke aiki, kafin shuɗin Farusiya na Turai ya yi araha wajen 1830, mawallafa suka ruga kansa saboda ba ya saurin koɗewa. Da shi aka buga jerin hotunan Dutsen Fuji na Hokusai.

Yanzu in na ga hoton kogi cikin waɗannan, gefen sama da bakin ruwa nake fara dubawa, inda launi ke sauyawa. A yawancin hotunan akwai sa hannun mai zane da hatimin mawallafi, na mai bugun kuwa da wuya ka gan shi.