Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Jan Kafson Yara

Makon jiya na tsaya a ranar da na kammala zagaye na takwas na kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa da aka ɗora ni a kai bayan an yi mini aikin kansar hanji, ranar da maigidana Malam ya sa aka raba sadakar waina a ƙofar gida. Mata suka yi ta shigowa barka, kowa na cewa an gama, sai godiya. Ina amsa musu da murmushi, amma maganar da likita ya faɗa mana kafin mu baro asibiti tana nan daram a ƙirjina.

Cewa ya yi, "Hajiya, abin da ido ke gani mun cire shi, da guntun babban hanjin da yake kai, da ƙwayoyin kaluluwar da ke kewaye. Kemo kuma ya bi wanda ido ba ya gani. Amma shekara 5 za mu yi muna bibiyar ki." Ya rubuta a bayan katina: gwajin jinin CEA, mai nuna alamar ko ciwon na dawowa, duk wata 3 a farko, hoton cikin jiki da ake kira CT, sannan a sake leƙa hanjin da na'ura idan aikin ya cika shekara. Ya ce idan kansar hanji za ta dawo, ta fi dawowa a shekaru 3 na farko, kuma hanta ce ta fi shan wahalarta, domin jinin da ya taso daga hanji a hanta yake fara yada zango.

Tun daga ranar na zama mai gadin hantata. In na kwanta sai in ɗora hannu a ƙasan haƙarƙarin dama ina saurare. Lokacin kemo ina da abin yi: in haɗiyi ƙwaya safe da yamma, in je a ɗaura mini ruwa, in guji taɓa abu mai sanyi saboda yadda yatsuna ke tsirawa. Da aka ce an gama, sai aka bar ni hannu rabbana, ba abin da zan yi sai jira. Wanda bai taɓa wannan jiran ba zai yi wuya ya gane abin da na aikata daga baya.

Ɗan farina, wanda ba na kama sunansa, ya kira ni daga Kaduna wani dare. Ya ce, "Umma, na karanta a waya cewa ana auna bitamin A a jinin waɗanda aka yi wa irin aikinki, ana duba ko ƙarancinsa na da alaƙa da dawowar ciwon. Ko za mu tambayi likita?" Yaron nan tambaya ya ce a yi. Ni kuwa kunnena bai ɗauki komai ba sai bitamin A da dawowar ciwo.

Shekara 27 na yi ina koyarwa a firamare, don haka na san bitamin A. Na san makon lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara, inda ake yanke bakin kafso a ɗiga wa yaro a baki: shuɗi ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga wanda ya shekara har zuwa ƙasa da shekara 5. Da bakina na sha roƙon iyaye su kawo 'ya'yansu, ina gaya musu yana tsare ido daga dundumi, yana taimakon yaro idan ƙyanda ta kama shi. A raina na ce abin da ake bai wa jariri ai ba zai cuci babba ba.

Akwai wata 'yar maƙwabtanmu da ke aikin sa-kai a irin wannan rabon. Na kira ta ɗaki na roƙe ta ta samo mini jan kafson. Ta yi jim, ta ce, "Mama, na yara ne fa." Na ce na sani. Kunyata ta ji, washegari ta kawo mini guda goma sha biyu a ƙulle cikin leda. Laifin nawa ne, ni na yi amfani da girmana na danne ta.

Kullum bayan asuba sai in haɗiyi ɗaya, ba wanda ya sani. A kwana na huɗu ciwon kai ya fara, irin mai sara daga ƙeya. Sai tashin zuciya. Leɓena ya tsattsage kamar tsakiyar hunturu, alhali damina ake. Zuwa kwana na tara fatar tafin hannuna ta soma saɓa, abinci ya fita kaina, in na duba Alƙur'ani sai rubutun ya riƙa rabuwa biyu. Duk da haka ban zargi kafson ba. Na ce shi ke nan, abin da ake gudu ya zo.

Malam ya ɗauke ni muka koma asibiti tun kafin ranarmu. Aka ɗebi jini. Da sakamakon ya fito, na ga likita ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce alƙaluman hanta sun hau. Ban ji sauran ba. Na tuna kawai Malam ya kama gefen kujera yana ta innalillahi a hankali.

Sai likitan ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, ki gaya mini tsakaninki da Allah, me kike sha? Jiƙo, tsimi, garin magani, ko wani abu daga kemis?" Na ce babu. Ya sake tambaya. A karo na uku na buɗe jaka na miƙa masa ledar, saura uku a ciki.

Bai yi mini faɗa ba, kuma har yau ina sa masa albarka a kan haka. Ya ɗaga kafso ɗaya ya ce a cikinsa akwai awo 200,000 na ma'aunin da suke kira IU, kuma yaro guda ɗaya ake ba shi, sai bayan kusan wata 6 a ƙara. Babban mutum kuwa, iyakar abin da aka yarda ya sha a rana ba tare da fargaba ba 10,000 ne. Ke nan kowace safiya ninki ashirin nake zuba wa cikina. Ya ce bitamin A a mai yake narkewa, ba ya bin fitsari ya fita, hanta ce rumbunsa, kuma idan rumbun ya cika ya batse ita ce ke jin jiki. Hantar da na kwana biyu ina gadi, ita na ɗora wa kaya.

Na ce, "To likita, maganar da yarona ya karanta fa?" Ya gyara zama. Ya ce a samu maras lafiya da ƙarancin wani sinadari a jini daban, a ce ƙarancin ne ya jawo ciwon daban. Mutumin da aka yanka cikinsa, ya sha kemo, ba ya cin abinci, jikinsa na fama da kumburi, bitamin A na jininsa kan sauka ko da hantarsa na da ajiya. Ya ba mu labarin wani gwaji da aka yi a ƙasar Finlan, aka fitar da sakamakonsa a 1994. Maza masu shan taba kimanin 29,000 ne a ciki, aka bai wa wasunsu ƙwayar bita-karotin, sinadarin nan na cikin karas da jiki ke mayarwa bitamin A, da fatan za ta kare su daga kansa. Sai ga shi kansar huhu ta fi yawa da kashi 18 cikin ɗari a cikin waɗanda suka sha. A Amurka ma aka yi makamancinsa da mutum kimanin 18,000, aka dakatar da shi a 1996 tun wa'adinsa bai cika ba, saboda irin wannan sakamakon. Malam ya girgiza kai ya ce ashe garin neman ƙiba akan samo rama.

Likita ya ce in bar shi haka, kada in ci hanta na ɗan lokaci, kada in sha ko farasitamol sai da saninsa. Game da nan gaba kuwa, tukunyata ya nuna mini: miyar zogale, alayyahu, taushe da kabewa, ɗan manja, karas, gwanda, mangwaro in lokacinsa ya yi, ƙwai. Ya ƙara da cewa a Nijeriya doka ce a sa bitamin A a man girki da sukari da fulawa na kamfani. Mace irina abin da take bukata a rana maikirogiram 700 ne, wani ma'auni daban da IU, kuma kwanon abinci mai ganye na kawo shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bai faɗe shi ba, ni na ƙirga da kaina a cikin mota. Kafso tara na haɗiye, rabon yara tara ke nan. Wataƙila cikinsu akwai ƙanin wani ɗalibina. Da muka iso gida ban shiga ɗaki ba, na wuce gidan maƙwabta na mayar wa yarinyar ukun da suka rage, na nemi ta yafe mini a gaban mahaifiyarta. Ɗana kuwa da ya ji, kuka ya yi a waya yana cewa shi ya jawo. Sai da na rantse masa cewa shi tambaya ya ce a yi, ni ce ban yi ba.

Bayan mako uku ciwon kan ya tafi, leɓen ya warke, alƙaluman hanta suka soma sauka. CEA ma bai motsa ba. Amma likita ya ce tun da hanta ta yi magana, ba zai jira lokacin da ya rubuta a kati ba, a yi hoton CT yanzu a ga zahiri. Aka ba mu ranar Talata, aka ce kada in ci komai da safe. Kuɗin hoton ya fi abin da ke hannunmu, don haka daren Litinin na fito da 'yan kunnen zinarin da Innata ta bar mini na ajiye a gaban Malam. Ya dube su, ya dube ni, ya tashi ya fita bai ce uffan ba.

Inda ya je da abin da hoton ya nuna, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.