Idan alƙalami ya cije a tsakiyar labari

Yawancin ƙagaggun labaran da ake farawa ba a shafin farko suke mutuwa ba. Babi uku ko huɗu na farko sukan zo da gudu, domin marubucin ya daɗe yana ɗauke da su a ka. Ya san muryar tauraruwarsa, ya san ranar da komai ya juye mata. Sai an ci kamar kashi ɗaya cikin uku na labarin ake jin ƙasa ta yi tauri. Daga nan sai a buɗe rubutun a rufe, a sake karanta babin farko karo na ashirin, a canza sunan wani, a ce sai gobe. Kafin a ankara wata uku sun shuɗe.

Cuta biyu ce ake haɗawa a kira da suna ɗaya, kuma maganinsu ya bambanta. Akwai jan ƙafa, wato ka san abin da za ka rubuta amma ba ka zama ka rubuta shi. Akwai kuma cijewar alƙalami, wato ka zauna da niyya amma babu abin da ke fitowa. Wanda ya sha maganin ɗaya alhali ɗayar ce ke damunsa zai ƙara wa kansa takaici ne kawai. Gwajin raba su ba shi da wuya. Ka tambayi kanka da babbar murya, me zai faru a fitowa ta gaba, wato guntun labarin da ke faruwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya? Idan ka iya amsawa a jimla biyu, ka faɗi wanda ke wurin, abin da yake nema da abin da ya tare shi, to jan ƙafa ne. Idan kuwa amsar ta tsaya a "sai abubuwa su ƙara rikicewa", to labarin ne bai san hanyarsa ba, kuma ko awa goma ka yi a kan kujera ba zai motsa ba.

Mu fara da jan ƙafa, tunda shi ya fi yawa. Ana yawan ɗora shi a kan kasala, amma sau da yawa mai jan ƙafa a rubutu mutum ne mai himma a sauran harkokinsa. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun yi bayani a 2013 cewa ɗage aiki hanya ce ta gudun wani ɗacin rai na yanzu, a bar wa gobe ta ji da shi. Ga marubuci, ɗacin shi ne tazarar da ke tsakanin littafin da yake gani a zuciyarsa da jimlolin da hannunsa ke fitarwa. Muddin bai rubuta ba, littafin yana nan da kyaunsa. Da zarar ya rubuta, sai ya ga gurguwar jimla a gabansa. Shi ya sa zagin kai ba ya magani, domin ƙara ɗacin yake yi, gobe kuma zaman ya fi nauyi.

Abin da ke aiki shi ne a rage girman abin da ake gudu. "Zan rubuta littafina yau" ba aiki ba ne da hannu zai iya kamawa. "Zan rubuta wurin da ta buɗe akwatin ta ga takardar babu" aiki ne mai farko da ƙarshe. Ka yanke wannan tun daren jiya, ka rubuta shi a layi ɗaya a ƙasan inda ka tsaya. Ka kuma ɗaure zaman da wani abu da kake yi kullum ba tare da shawara ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Peter Gollwitzer, ya nuna a bincikensa cewa niyyar da aka faɗi lokacinta da wurinta, irin "idan kaza ya faru, zan yi kaza", ta fi cika a kan niyyar da aka bari a sake. Saboda haka kada ka ce za ka yi rubutu da safe. Ka ce da zarar na wanke fuska, zan zauna a kujerar nan, in buɗe babi na tara. Wayar kuma ta kwana a wani ɗaki. Kifa ta a kan tebur bai isa ba, hannu ya san hanyarta. In a wayar kake rubutu, ka kashe intanet kafin ka buɗe rubutun.

Sai maganar adadi, inda mutane da yawa ke cutar kansu. Kalma 300 a rana, kwana 6 a mako, ta ba ka 1,800. A haka littafi mai kalma 60,000 zai kammala a mako 33 da ɗoriya, wato kusan wata 8. Kalma 300 kuwa ba ta kai shafi ɗaya da rabi ba, kuma mai aikin yini zai iya samar da ita a minti 30 zuwa 40. Amma wanda ya daɗe bai rubuta ba yakan ji kunyar wannan adadi, sai ya yanka wa kansa 2,000. Ya cika ranar farko, ya kusa cikawa ta biyu, ta uku wani uzuri ya taso. Ranar ta huɗu sai ya ce bashin jiya da na yau 4,000 ke nan, nauyin ya danne shi, ya daina baki ɗaya. Don haka ƙa'ida ɗaya nake ganin ba a sassauta ta: ba a rama bashin rubutu. Ranar da ta kuɓuce ta tafi, ta gaba tana farawa da 300 ɗinta. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda ƙirga kalma ke tayar masa da hankali sai ya ƙirga lokaci. Tsarin raba lokacin aiki da wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980 ya isa: minti 25 na aiki, minti 5 na hutu, bayan zagaye huɗu a yi hutu mai ɗan tsawo. Ga mai ƙagaggen labari zagaye biyu a rana ma sun wadatar. Sharaɗin shi ne cikin minti 25 ɗin nan ko dai ka rubuta ko ka zauna shiru, babu na uku. Marubucin nan na Ingila, Anthony Trollope, ma'aikacin gidan waya ne shekara da shekaru, amma ya bar ƙagaggun littattafai 47. Yakan zauna tun ƙarfe 5:30 na asuba, ya ajiye agogo a gabansa, yana neman kalma 250 daga kansa duk minti 15. Ba saurinsa nake so a kwaikwaya ba, kaɗan ne za su iya. Abin lura shi ne bai bar wa sha'awa ikon yanke ranar da zai zauna ba.

Akwai jan ƙafa mai sanye da rigar aiki, kuma shi ya fi wuyar ganewa. Bincike na cikinsa. Kana tsakiyar fitowa sai ka buƙaci sanin kwana nawa karaya take yi kafin ta warke, ka shiga intanet, awa ɗaya ta tafi. Maganinsa ka rubuta alama ɗaya da ba ta cikin kowace kalma, kamar XX, ka wuce. Ka ware rana ɗaya a mako ka nemo duk alamomin ka cike su. Haka ma zana taswirar dangin taurari, da zaɓen bangon littafin da ba a gama ba, da ba abokai labarin da baki. Wannan na ƙarshe yana da haɗari na musamman, domin daɗin da ya kamata ka samu a shafi ka riga ka same shi a fuskar mai sauraro, sai ƙishirwar rubutawa ta ragu.

Yanzu ga cijewar alƙalami ta gaskiya. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Edmund Bergler, shi ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi a Turanci, wato "writer's block", a 1947, kuma ya ɗauke ta a matsayin matsala mai zurfi a cikin ran marubuci. Daga baya Mike Rose, wanda ya nazarci ɗalibai masu maƙalewa a rubutu ya kuma wallafa sakamakon a 1984, ya gano abu mafi kusa da hannu: da yawansu suna ɗaure kansu da ƙa'idoji masu tsauri, suna kuma gyara tun kafin su gama faɗin abin da suke son faɗa. Wannan shi ne sanadi na farko da za ka duba. Alamarsa ita ce kana rubuta jimla kana gogewa, zaman awa ɗaya ya bar maka sakin layi guda. Ƙirƙira da tacewa ayyuka biyu ne masu jan hannu ta fuskoki daban, ɗaya na son yawa, ɗaya na son ragewa. Ka raba musu lokaci. A daftarin farko an yarda ka karanta shafin jiya kawai don ka kama murya, ba a yarda ka koma babin farko ba. In ka gane cewa wani abu a baya sai an canza shi, misali ya kamata a ce tauraron yana da ƙanwa, ka rubuta hakan a takarda daban, ka ci gaba kamar dama can yana da ita. Wanda hannunsa ba ya jin magana sai ya koma biro da takarda na mako guda, domin gogewa a can tana da wahala.

Sanadi na biyu shi ne wanda na fi so a tsaya a kansa, domin shi ke kashe littattafai a tsakiya. Sau da yawa inda ka maƙale ba nan ɓarakar take ba, tana baya da fitowa biyu ko uku. A ce labarinka na wata mata ce da ta gano yayanta ya sayar da gidan mahaifinsu da takardun jabu. A babi na takwas ta tare shi, ya fashe da kuka, ya amsa laifinsa, ta yafe. Fitowar ta yi daɗin rubutawa, har ta taɓa zuciya. Sai ga ka a babi na goma kana kallon farin shafi, kana sa ta tana shiga ɗaki tana fita, tana tuna baya. Babu abin da ya samu basirarka. Igiyar da ke jan labarin ce ka kwance da hannunka a babi na takwas, yanzu matar ba ta neman komai, babu kuma mai hana ta komai. Gyaran shi ne ka koma can. Ya musanta. Ko ya amsa, amma ya nuna mata cewa da kuɗin gidan aka biya aikin asibitin da ya ceci ɗanta, abin da ba ta taɓa sani ba. Nan take babi na tara da na goma za su buɗe, domin yanzu tana da zaɓi biyu kuma kowanne da ciwonsa.

Hanyar gano irin wannan ɓaraka ita ce ka ɗauki takarda ka ba kowace fitowa da ka riga ka rubuta layi ɗaya: wa ke neman me, me ya tare shi, me ya canza a ƙarshe. Littafi mai kalma 60,000 yakan ƙunshi fitowa kamar 40 in kowace ta kai 1,500, don haka rabinsa bai wuce layi 20 ba, aikin yamma ɗaya ne. Sannan ka karanta layukan a jere kana sa "saboda haka" ko "amma" a tsakaninsu. Duk inda ba su shiga ba, sai "sannan kuma" ce kaɗai ta dace, nan sarƙar ta tsinke. Kusan kullum za ka tarar da ɗaya daga cikin ukun nan: an warware rikici da wuri, ko an tilasta wa tauraro yin abin da halinsa ba zai yarda ba don kawai tsarin da aka zana ya tafi daidai, ko kuma abubuwa na ta faruwa da shi shi kuwa bai yanke shawarar komai ba. Abin da ka cire kada ka goge shi. Ka buɗe masa wurin ajiya daban, hannu ya fi sakin shafi goma in ya san suna nan.

Wani lokacin kuma ka san fitowar sarai, tsoronta kake ji, domin ita ce babbar da duk littafin ke tafiya gare ta, ko kuma ta taɓa wani miki naka. A nan dabarar ita ce ka rubuta maganganun kawai, wane ya ce, wance ta ce, babu siffanta ɗaki babu yanayi, sai ka sa naman daga baya. Ko ka tsallake ta ka rubuta wadda ke bayanta, domin sanin yadda mutanen suka wayi gari yakan nuna maka abin da ya faru da dare. Babu dokar da ta ce sai an bi babi a jere.

Masu sakin labari babi-babi a Wattpad ko Facebook suna da ƙarin matsala, domin abin da aka riga aka saki ba ya gyaruwa cikin sauƙi, masu karatu kuma suna jiran na gaba. Kada ka fara saki sai kana da aƙalla babi biyar a ajiye, ka kuma riƙe wannan tazarar, ita ce za ta ba ka damar komawa baya in igiya ta kwance.

Dole in faɗi wani abu da babu dabarar rubutu da ke maganinsa. Idan rashin sha'awar ya wuce rubutu ya shafi barci, cin abinci da hulɗa da mutane har sama da mako biyu, wannan maganar likita ce, kuma littafin zai jira.

Wanda kuwa ya bar rubutunsa wata da watanni yana son dawowa, kada ya fara da sabon babi, kada kuma ya sake farawa daga farko, wanda shi ne tarkon da ya fi kama mutane. Ranar farko ya karanta duk abin da ke akwai a zama ɗaya ko biyu, babu biro a hannu. Rana ta biyu ya yi layukan nan na kowace fitowa, ya nemo inda sarƙar ta tsinke. Rana ta uku ya kwafe shafin ƙarshe mai kyau da hannunsa, kalma bayan kalma, har muryar labarin ta dawo masa kunne, ya zarce da sakin layi ɗaya sabo. Ya tsaya tun yana sane da abin da zai biyo baya, ko da a tsakiyar jimla ne, ya rubuta layin gobe a ƙasa, ya rufe.